Gorar Kawu da Tekun Birnin Kumfa

Kawuna, ƙanen Inna, mai fito ne a gulbinmu na Gummi. Da damina ba ka samunsa sai a kan ruwa, tsaye a gindin kwalekwale da doguwar gorarsa, yana ƙetarar da manoma da buhunansu da baburansu. Da rani kuwa, in gulbi ya koma rairayi har yara na buga ƙwallo a tsakiyarsa, sai ya kife jirgin ya dawo majalisarmu ta gindin dogon yaro, ya zama mutumin da ya fi kowa gardama a unguwa. Amma maganar ruwa tasa ce. In ya ce kada a ƙetare yau, babu mai ƙetarewa.

A wani rani ne na kawo wa majalisar nan wasu littattafan yaƙi, dogon labari kashi-kashi, na sarakuna da matsafa da takubban da ke da suna kamar mutane. Ni ne mai karatu, don ina koyarwa a firamare, kuma ina da murya, ba yabon kai ba. Dokarmu ɗaya ce: mai karatu ba ya leƙa gaba. Da an tashi sai telan da ke gefenmu ya karɓi littafin ya kulle a akwatin kekensa, sai kuma gobe bayan la'asar.

A cikin labarin akwai wani gari a bakin teku, Birnin Kumfa. Ganuwa ta tsare masa baya, teku ta tsare masa gaba. Gidajensa na farin dutse ne da gishiri ya ci gindinsu, akwai hasumiya mai wuta da ke nuna wa jirage hanya, kasuwar kifinsa ba ta tashi. Titunan garin ma ruwa ne, ko gaisuwa za ka gidan surukai sai ka kira mai fito. Ranar da na karanta wurin nan Kawu ya ajiye goron da zai kai baki.

"Sake karanto min wurin ga," in ji shi.

Na sake. Daga ranar ya zama ɗan garin. Ya san unguwanninsa fiye da ni mai karantawa, in wani ya kushe mutanensa sai ya juya masa baya. Ni ma ina son garin, amma nawa son bai kama ƙafar nasa ba.

Sai wani azzalumin sarki ya zo da runduna ya kafa sansani a gefen garin. Ganuwa ta gagare shi, jirage kuma ba shi da su, amma ya ƙi tafiya. Majalisa ta yi ta masa dariya, ban da Kawu.

"Garin ga ya ciwu," ya ce, ransa a ɓace. "Sarkin ga wayo garai. Rani shika jira. Ruwa na janyewa shi taka rairai da dawakinai har ƙohwar gari."

Na ce, "Kawu, teku ce fa, ba gulbi ba. Ba ta ƙafewa."

"Kai ka taɓa ganin ta?"

"Na gani a waya."

"Da damana anka ɗauke ta."

Aka bushe da dariya, har tela ya tsayar da keke. Dariyar ce ta ja magana. Washegari sai ga Kawu da gorarsa a kafaɗa, ya jingina ta a jikin bishiya.

"In ruwan ga bai janye ba cikin littahin ga, na aje gora," ya ce. "Kowa ash shaida. Kuma kar wani ya ƙara tambaya ta maganar ruwa."

Kawu kuwa ba ya magana biyu. Da labari ya kai gida Inna ta tare ni a zaure ta ce, "Kai da karatunka za ku raba min ƙane da sana'a tai."

Abin haushi, kashi na ƙarshe babu shi a Gummi. Sai da na yi ta cigiya kafin in ji yana hannun wani abokina malami a Anka. Ranar Asabar na hau babur ɗin haya na je na karɓo, na cusa shi cikin riga. Duk ramin da muka faɗa a hanya sai in ji gefensa na tokarin haƙarƙarina. Da muka tsaya shan ruwa a Nasarawar Burkullu na fito da shi, har na sa yatsa a tsakiyar shafukan. In na leƙa na ga babu janyewar ruwa, ai zan iya ƙara layi biyu daga bakina, wa zai sani? Na daɗe a haka, sannan na mayar da shi cikin riga. Doka doka ce, kuma Kawu ba zai so a cece shi da ƙarya ba.

Ranar karatun, majalisa ta cika har da waɗanda ba su taɓa zama ba. Ina karatu ina satar kallon gora. Can sai matsafin sarki ya fito bakin teku da asuba, ya kira sunan ruwa, ya soke sandarsa a ƙasa. Sai ga shi a ƙarshen layin: teku ta ja da baya, ta bar kifaye na tsalle a kan rairayi, jiragen garin suka kwanta a gefensu.

Wuri ya kaure. Masu dariyar jiya su ne masu tafi, wani har ya jefa hularsa sama. Ni kaina na miƙe tsaye da littafi a hannu, daɗi ya hana ni ganin rubutu. Kawu kaɗai ne bai motsa ba. Maganarsa ta fita, amma garinsa ne za a ci.

Na ci gaba. Runduna ta sauka kan rairayin, dawaki a gaba, 'yan ƙasa a baya.

"Dakata," in ji Kawu. "Sannu-sannu yaj janye, ko lokaci guda?"

"Lokaci guda, Kawu."

Sai fuskarsa ta washe. "To bai tahi ba. Karanta, ɗana, karanta maza."

Ban taɓa karatu da sauri irin na ranar ba. Masu fiton garin suka hau hasumiya suka busa ƙaho, kowa ya haye tudu. Rundunar na tsakiya ruwa ya dawo, tsayinsa ya fi ganuwa. Ihun da majalisa ta yi har mata suka leƙo ta katanga suna tambaya ko lafiya.

Kawu ya tashi ya ɗauki gorarsa, ba wanda ya kula sai ni. Na raka shi har bakin gulbi, inda jirginsa ke kife a kan busasshen rairayi, ya tsaya yana shafa cikinsa.

"Da bai janye ba, da gaske aje ta za ni yi," ya ce a hankali. "Kuma ban san mi za ni yi da damana ba."