Sale, Mutumin da Ba Ya Auna Yaro Ranar Nasara

Shekara tara ke nan da muka sauke Sale daga kafaɗunmu, muka juyo muka bar shi. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba, don ni da biro tun ina aji uku muka raba gari, kuma ina kyautata zaton malaminmu sai da ya yi hamdala ranar da na daina zuwa. Bana ne dole ta kama ni. Na ari bakin Sale na yi magana da shi a kan rayuwar wani yaro, ga shi ba ya nan balle ya ƙaryata ni.

Ni da shi duk a nan Jidda aka haife mu, jikokin mutanen da suka tako a ƙasa don aikin hajji, suka sauke kaya ba su sake ɗauka ba. Shi ya yi aikinsa na tuƙa motar ɗaga kaya a wata masana'antar kwali a Madinar Masana'antu har ya tsufa a kai. Ni kuwa na yi sana'o'i da dama, ba wadda ta yi kewata bayan na bar ta. Abin da ya haɗa mu shi ne filin ƙasa da ke bayan unguwar Madain Fahd, inda yaran sakandare da na unguwanni ke buga ƙwallo bayan la'asar. Masu horar da yara a manyan kulob sukan zo su tsaya kusa da shi kamar wucewa suke yi, su tambaye shi ko ya ga wani abu. Larabawa na kiransa kashshaf, wato mai farautar yaran da ke da ƙafa. Ba wanda ya ɗauke shi wannan aiki. Ni nawa aikin riƙe masa gorar shayi ne da yi wa alƙalin wasa ihu, kuma a na biyun na fi suna.

Sale yana da wata ɗabi'a da ta daɗe tana ƙona mini rai. In aka zo aka ce masa akwai wani yaro a makaranta kaza, gudu kamar iska, ya ci uku jiya, ba ya ko ɗaga kai. Sai ya tambaya da wa za su kara nan gaba. In ya ji 'yan rakiya ne, ba zai je ba. Jira yake sai ranar da za su gamu da waɗanda suka fi su ƙarfi, sannan ya ce mini yalla Bakur, tashi mu je, ɗauko shayi. In muka je muka tarar 'yan wasan yaron sun fara cin kasuwa, ana tafi ana kaɗa ganga, sai ya kaɗe rigarsa ya miƙe. Ni da na zo kallon a zura ƙwallo a raga, haka zan bi shi ina waige ina ƙunƙuni.

Yakan ce ranar nasara kowane yaro ɗan sarki ne, har mai tsaron gidan da bai taɓa ƙwallo ba. Shi so yake ya ga yaro bayan an sha su biyu, 'yan kallo sun fara kiran sunan uwarsa. Yana neman ƙwallo, ko yana ɓuya bayan abokin hamayya don kada a ba shi? In an fitar da shi, ina ya zauna, wa yake kallo? Sau da yawa ƙwallo tana gabas, idon Sale na yamma, kan wani yaro da ke tafiya shi kaɗai yana jan ƙafa.

Ba zan mai da shi waliyyi don ya mutu ba. Akwai yaron da ya ce zuciyarsa ta kaza ce, ba zai kai ko'ina ba, bayan wasu shekaru muka gan shi a talabijin yana ɗaga kofi. Na yi wata guda ina gaishe da Sale da kukan zakara. Akwai kuma waɗanda ya gani daidai amma ganin bai yi musu amfani ba, don a zamaninmu kulob ba ya yi wa yaro rajista da iƙama, takardar zama ta baƙo, ko da an haifi kakansa a nan. Bashir, wanda Sale ya rantse bai taɓa ganin ƙafar hagu irin tasa ba, yau yana lodin kaya a sito, ya yi tumbi, ya yi jika. Daga baya an buɗe ƙofa ga waɗanda aka haifa a ƙasar, Sale bai gani ba. Nakan zauna in yi tunanin ko murna zai yi, ko kuwa zai fara jero sunayen waɗanda ƙofar ta buɗe bayan gwiwarsu ta mutu. Na fi zaton na biyun, don mutum ne mai riƙo.

Yau kuwa ba sai an je fili ba. Kowane yaro yana da ɗan gajeren bidiyonsa a waya, an yanke duk inda ya faɗi, an bar inda ya yi kyau, an sa kiɗa. Da Sale ya ga wannan, ina jin wayar ce za ta riga mu isa ƙasa.

Irin wannan bidiyo ne 'yarsa Khadija ta turo mini farkon bana. Khadija ta auri wani likita mutumin Nijeriya da ya zo aiki nan, daga baya suka koma Amurka da yaransu. Babban ɗanta Faisal, wanda na san shi yana rarrafe a tabarmar Sale, yanzu yana ajin ƙarshe a sakandare, yana buga irin ƙwallonsu ta can, wadda ake sa hular kwano a rungumi ƙwallo da hannu. Jami'o'i biyu sun nemi ya zo ya buga musu, su ɗauke masa nauyin karatu. Ɗaya babba ce, ana nuna ta a talabijin, amma akwai manyan yara a gabansa, zai yi zaman benci ba a san ranar tashi ba. Ɗayar ƙarama ce a wani gari mai sanyi, za a sa shi wasa da wuri. Uban yana son babbar, kuma hujjarsa ba ta banza ba ce: ƙwallo tana ƙarewa, gwiwa tana tsinkewa, sunan makaranta kuwa yana bin mutum har tsufa. Yaron ya kasa zaɓa, ya daina cin abinci sosai. Shi ne Khadija, wadda ke ce mini Amm, wato baffa, ta kira ni, muryarta ƙasa ƙasa.

"Amm Bakur, kai ka zauna kusa da Baba duk shekarun nan. Ka duba mini. Da yana nan, me zai ce?"

Na so in gaya mata cewa gorar shayin ma ta zauna kusa da shi, kuma ba ta koyi komai ba. Amma marainiya ce ke tambaya, ko da ta yi furfura. Na ce mata halas, shi ke nan, zan duba.

Na kalli bidiyon har ido ya yi mini ciwo. Na ga wani ƙato da lamba a baya yana ratsa mutane suna zubewa, sai a yanke, a sake nuna shi yana ratsa wasu. Ban gane inda raga take ba. Na rasa abin yi, sai na yi abin da na ga Sale yana yi: na aika mata cewa wannan ba ya aiki, ta turo mini wasan da aka fi cin su a shekarar, cikakke, daga farko har ƙarshe. Ta ce wasan nan ba a ambatonsa a gidan. Na ce to shi nake so.

Akwai wani Injiniya Kabiru, ɗan Nijeriya da ke aikin kwantiragi a nan, muna haɗuwa a masallacin Juma'a, ya yi karatu a Amurka. Na bi shi gidansa a unguwar Safa ranar hutu, ya haɗa wayar da talabijin, ya yi haƙuri da ni yadda ake haƙuri da tsohon da ya tambayi abu ɗaya sau biyar. Ya ce aikin Faisal shi ne a danƙa masa ƙwallo ya kutsa da ita cikin bangon mutane, kuma babban abin kunya a wannan aiki shi ne ƙwallo ta suɓuce daga hannunka abokan gaba su ɗauka. Ya ce masu auna yara a can suna da agogon gudu da sikeli, har taurari suke liƙa wa yaro kamar otal. Na ce ya bar ni da taurari, ya nuna mini lambar yaron kawai.

Ƙwallo ta suɓuce masa sau biyu kafin a tafi hutu. Aka fitar da shi. Sa'ar da na yi, mai ɗaukar hoton daga sama yake, ana ganin gefen fili. Injiniya yana ta bayanin abin da ke faruwa a tsakiya, ni idona na kan ƙarshen benci, inda yaron ya je ya zauna nesa da kowa ya lulluɓe kai da tawul. Wanda ya maye gurbinsa ya yi wani gudu mai kyau, duk 'yan benci suka miƙe suna tsalle, shi bai motsa ba. Da aka mai da shi can kusa da tashi, sai na ga yana ƙanƙame ƙwallo da hannu biyu, yana faɗuwa tun kafin a taɓa shi. Amma akwai wuri ɗaya da na sa aka maido mini. Ba shi ke da ƙwallo ba, an ce ya tsaya ya kare mai jefawa. Wani basamude ya taho da gudu, yaron ya kafa ƙafa ya tare shi da ƙirji, aka niƙe shi a ƙasa, ya tashi ko kakkaɓe jiki bai yi ba.

A hanyar gida na yi ta magana da Sale a cikin mota, direban tasi yana leƙena ta madubi. Abin da na gani, in ma na gani, yaro ne da ba ya tsoron ciwo, kunya yake tsoro. Irinsu benci ke cinyewa a hankali. Amma wane ne ni? Mutumin da ya fi ni ido ya taɓa kuskure a kan zuciyar yaro, balle ni da nake kallon wasan da ban san dokarsa ba.

Don haka da Khadija ta haɗa ni da Faisal a waya, ban ce masa je ka nan ko can ba. Hausarsa ta jin magana ce, ba ta mayarwa ba, uwar ce ke cike mana gibi. Na ce ya kira masu horarwar jami'o'in biyu, ya tambayi kowannensu abu ɗaya: shin ya kalli wancan wasan, kuma me ya gani?

Bayan kwanaki ya kira ni da kansa, a fusace, uwar na fassara. Na babbar jami'a ya yi masa dariya mai daɗi, ya ce kowa yana da mummunar rana, ya manta da ita, su gudunsa suka gani. Na ƙaramar kuwa ya riƙe shi a waya yana jero masa laifi: yadda yake riƙe ƙwallo nesa da jiki, yadda ya tsorata bayan ta suɓuce, har da tawul ɗin. Ya ce masa in ya zo wurinsa ya sake rufe kai alhali abokan wasansa na murna, a ranar zai kwashe kayansa. Yaron ya ce mutumin nan ya ci masa mutunci, ba zai je ba.

A nan ne bakina ya riga hankalina. Na ce, "Ya waladi, ɗana, da kakanka na raye, wurin wanda ya zage ka zai kai ka da hannunsa. Shi ne kaɗai ya kalle ka."

Faisal ya sa hannu da ƙaramar jami'a. Ubansa ya kira ni sau ɗaya, cikin ladabi mai sanyi irin na masu ilimi, ya ce yana fata na san nauyin abin da na ɗauka. Na sani. Ya daina aiko mini gaisuwar Juma'a, kuma ban ga laifinsa ba. In gwiwar yaron ta tsinke a shekarar farko, zai zauna a garin sanyi da takardar makarantar da ba wanda ya san sunanta, saboda maganar wani tsoho a Jidda da bai gama firamare ba. In kuma ya yi kyau, za a ce albarkar kakansa ce, kuma haka ya kamata a ce.

Nakan auna abin da ya saura na Sale bayan shekarun nan. Filin an yi gini a kai. Masu horarwar da suka san shi sun yi ritaya ko sun bi shi. Bai bar gida ba, bai bar suna a kowace takarda ba. Abin da ya bari shi ne ya yarda ya ɓata yammacinsa a kan yaro ranar da kowa ya kau da kai daga gare shi. Wannan kam ya kai har Amurka, ko da ta bakin da bai dace ba ya bi.

Jiya da la'asar Khadija ta kira don ranar rasuwar Sale ta zagayo. Muka yi masa addu'a. Sai ta ce, "Amm Bakur, tsakaninka da Allah, haka Baba zai ce?"

Na ce mata, "'Yata, tambayar tasa ce. Amsar tawa ce. In ta ɓaci, kada ki bari a ɗora masa."

Allah ya yalwata maka wurin kwanciya, Sale, ya tsare gwiwar jikanka, ni kuma ya rufa mini asiri ranar da za mu haɗu ka tambaye ni wa ya aike ni.