Gwaggo Marka, Jagorar Hanyar Maraɗi

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar sha ɗaya ga watan Safar, shekara ta 1314 bayan Hijira, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Gwaggo Marka, ƙanwar mahaifina, a gidanta da ke bakin tafkin Madarumfa. Zazzaɓi ne ya kama ta bayan ta ƙetare gulbi cikin ruwan sama, ba ta kuma tashi ba. Ni Musa, ɗan wanta, na rubuta wannan domin 'yan baya su san wadda ta riƙe musu gari.

Gwaggo, kin sha ba mu labarin Madarumfar ƙuruciyarki: 'yan bukkokin masunta, da gonakin gero, da kaburburan waliyyai da baƙi ke zuwa ziyara. Garinmu bai taɓa cin abin da yake samu shi kaɗai ba. Kifinmu da albasarmu sai an kai Maraɗi, gishiri da kanwa da zane sai an ɗauko daga can. Hanya ce abincinmu.

Sai shekarar da annoba ta share shanu, mahara kuma suka yawaita a daji. Suka tare mutum uku cikin namu a hanyar kasuwa, suka kashe su, cikinsu har da mijinki. Dattawa suka taru gindin tsamiya, suka yanke shawarar a kwashe kowa a koma bayan ganuwar Maraɗi. Kina cikin takaba, ba ki iya fita ba, sai kika aike ni da magana. Ina tuna ta kamar yau: "Ka ce musu ɗaiɗai muke tafiya, shi ya sa ake tsince mu. Su ba ni lokaci in gama takaba. In muka tafi tare aka taɓa mu, ni zan fara ɗaure kayana."

Wasu sun yi dariya, wasu sun tashi abinsu. Amma da kika fita takaba, kin bi gida gida kina tara mata masu bandar kifi. Kika je har gonar Ɗanjuma, maharbin nan da ba ya salla, kika roƙe shi ya zo da 'ya'yansa da bakunansu. Da aka yi miki surutu, cewa kika yi ƙasa ɗaya muke noma, hanya ɗaya muke bi. Ranar kasuwa da asuba ayari ya tashi, kina gaba da kwando a ka. Kowa ya dawo gidansa lafiya. Haka aka ci gaba, kasuwa bayan kasuwa.

Ba ki da sauƙi, Gwaggo. Wanda ya makara zai ji faɗanki har bakin gulbi, amma ba ki taɓa barin kowa a baya ba. Ladi, ɗaya daga cikin matan ayari, ba za ta manta ranar da kurkunu ya hana ta taka ƙafa ba: kika ɗora kayanta bisa naki, kika sayar mata da kifinta kafin ki buɗe kwandonki.

Yau hayaƙin banda na tashi ko'ina a bakin tafki. Waɗanda suka gudu sun fara dawowa suna gyara shingayensu, mutanen garin Sarkin Yamma ma sukan jira ayarinmu su shiga. Bayan an kai ki makwanci, na ji wasu na cewa a dakata da tafiya sai kaka, tunda babu mai jan gaba. Ɗiyarki Asma'u ta share hawaye ta ce mini, "Yaya, ranar kasuwa zan ɗauki kwandon Inna." Kuma ta ɗauka. Na ajiye allona na bi su, Ɗanjuma na bayanmu. Ba za mu bar hanyar nan ta mutu ba, ba kuma za mu tashi daga garin nan ba, in Allah Ya yarda.

Ina miƙa ta'aziyya ga Asma'u da ƙannenta, da dangi, da duk wadda ta taɓa bin sawunki. Allah Ya jiƙan Gwaggo Marka, Ya gafarta mata, Ya yalwata kabarinta, Ya hutar da ƙafafun da suka gaji dominmu. Mu kuma Ya ba mu ƙarfin ci gaba, Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.