Baffa Sabo da Rumfar Jiran Mota

Duk wanda ya san Baffa Sabo, ƙanen mahaifina, ya san ba ya hawa mota sai a tasha. Motar Gezawa ta ƙofar gidansa take bi, direbobi har tsaya masa suke yi, amma sai ya ɗaga musu hannu su wuce. Ya taka har tashar bakin kasuwa ya hau, motar ta juyo da shi ta ƙofar gidan nasa. Matarsa, Inna Hanne, ta taɓa tambayarsa amfanin wannan wahala. Ya ce, "Ni da na ƙarar da ƙuruciyata ina zana tasha, in hau mota a bakin kwata?"

Aikinsa ke nan a Kano kafin ya yi ritaya, zanen tashoshi da gadojin tsallake titi. Wata shekara muka kai wa abokinsa rago birni. Titi fayau ba mota, amma ya dage ta gada za mu bi. Rago ya turje a matakala. Baffa ya tuɓe babbar riga, ya saɓa shi a wuya, ya hau yana haki. A sama ya dire shi, ya ce mini, "Ragon nan ya fi mu gaskiya. Matakalar ta yi tsayi, ba ni na zana ta ba."

Da garinmu ya tashi gina rumfar jiran mota, kowa ya so a manna ta a bakin kwalta. Baffa ya ce sai an ja ta baya, an kuma dasa ginshiƙan siminti a gabanta. Aka ce tsofaffi za su riƙa rasa mota. Sai ya kafa kujerarsa a inda za a haƙa tushe, ya ƙi tashi, har fura can ake kai masa. Mai unguwa ya gaji, ya ce a yi yadda yake so a huta.

Wata ranar kasuwa birkin motar gyaɗa ya tsinke. Mahaifiyata na cikin rumfar, da mata da goyonsu. Daga gona na ji ƙarar, na sheƙo a guje. Na tarar motar ta daki ginshiƙan ta tsaya cak, mahaifiyata na zaune tana karkaɗe gyaɗa daga mayafinta, ko ƙwarzane babu. Direban ma da ƙafarsa ya fito. Na zube ƙasa ina hamdala.

Baffa ya iso, ya bi mutane yana duba su. Da ya tabbatar kowa lafiya, sai ya juya kan direban.

"Wa ya ce maka nan ake sauke kaya? Wajen kaya yana bayan kasuwa."

Sai bayan rasuwarsa Inna Hanne ta faɗa mini cewa ranar ko tuwo bai iya ci ba, ɗaki ya shige yana kuka.

Allah ya jiƙan Baffa, ya sa ya huta, ya tsare shi yadda ya tsare mana iyayenmu.