Muryar yayana da iyayen amare

A shekarun baya, lokacin ina budurwa, babu shagon da za ka wuce a Zongo ba ka ji muryar yayana tana tashi ba. Waƙoƙin soyayya yake yi da fiyano, har unguwar Fidjrossè ake ɗaukarsa wasa. Ni kuwa ina tafiya ina hura hanci kamar ni na rera.

Sai ciwon maƙogwaro ya kwantar da shi. Da ya warke, muryar nan mai zaƙi ta koma kaushi. Masu studiyo suka daina ɗaga wayarsa, matasa suka koma wa sababbin mawaƙa. Ya buɗe teburin sayar da caja, fiyanon kuma ya zama wurin da nake jibge atamfofin sayarwa. Ni ce ma na nemo wa fiyanon mai saye daga unguwar Agla, don a ganina an gama.

Ana gobe za a zo ɗauka, mahaifiyarmu ta ce masa, "Kai, jikar ƙawata za a aurar. Uwar amarya ta ce kai take so a wuninta."

"Inna, da wannan muryar?"

"Ita ma ai ba muryar dā ce gare ta ba. Tashi ka kakkaɓe abinka."

A Zongo, ranar wuni ta uwar amarya ce da ƙawayenta. Ita ke zaɓar anko, ita ke zaɓar mawaƙi. Abin da duk muka manta shi ne, 'yan matan da suka yi rawa da waƙoƙinsa su ne yanzu hajiyoyin da ke aurar da 'ya'ya.

Aka fasa sayar da fiyanon. Ranar wunin, yana fara tsohuwar waƙarsa, murya ta sarƙe. Sai wata hajiya ta miƙe, ta ɗaure gyale a ƙugu, ta ɗora daga inda ya tsaya, sauran suka amsa gaba ɗaya. Wallahi kuka na yi.

Daga nan ya daina bin matasa, ya shiga yi wa iyayen amare sababbin waƙoƙi, kuma masu studiyon da suka guje shi su suka dawo nemansa. Har yau ina alfahari da shi, na kuma koyi daina yanke wa mutum hukunci da wuri.

Bana zan aurar da 'yata. Da na je masa, ya duba wayarsa ya ce, "Ƙanwata, watan a cike yake, amma zan zo. Sharaɗi ɗaya: fiyanon nan, ke za ki ɗauko shi a ka."