Malam Kusurwa da Awa Shidan Inna

Babana ya yi shekara talatin da biyar yana koyar da lissafi a sakandare, kuma da ya yi ritaya sai mu mutanen gida muka gaji ajin. Ɗalibansa sun sa masa suna Malam Kusurwa, don kowace matsala ka kai masa cewa yake: "Nemo iyakokinka, ka ja musu layi. Amsa tana kusurwa." Sau biyu ana so a ba shi shugabancin makaranta yana ƙi, wai ofis ba shi da allo. A gida kuwa bayan ƙofar ɗakin ɗinkin Inna ya mayar allo. Tun ina ƙarama ban taɓa tambayarsa abu ya ba ni amsa kai tsaye ba. Ka ce masa ruwa ko shayi, sai ya laluba aljihu yana neman alli.

Inna tela ce. Shekara goma sha tara ita ke ɗinka kayan ɗaliban wata firamare da ke bayan layinmu, har ta ɗinka wa 'ya'yan waɗanda ta ɗinka wa. Bana aka kawo sabuwar shugaba, mai gaggawa, ta aiko da yadi ɗari da ashirin da saƙo: kayan yara arba'in cikin kwana goma, na maza ko na mata duk ɗaya, in ba haka ba aikin ya koma wani shago mai kekunan ɗinki shida. Inna ta karanta takardar sau biyu, ta ninke ta. Ni na san aikin nan shi ne mutuncinta a unguwa.

Ranar ina dawowa daga kantin maganin da nake aiki na tarar Baba ya cika ƙofa da zane. Kayan mace yadi huɗu, awa biyu. Kayan namiji yadi biyu ne, amma awa uku, saboda aljihu da maɓallai. Ya ja layin yadi, ya ja layin lokaci, ya yi wa wuri ɗaya da'ira.

"Talatin," in ji shi. "Na mata zalla. Fiye da haka ba ya yiwuwa."

"Baba, arba'in aka ce!"

"Na ji abin da aka ce."

"To mazan fa, da zani za su je makaranta?"

"Wannan ba ya cikin tambayar."

Raina ya ɓaci, wallahi. Inna na gefe tana gugar yadi kamar ba da ita ake ba. Na karɓe allin daga hannunsa, don ɗan kifi ba a koya masa iyo, shi ya koya mini abin nan da bulala. Kwana goma, awa goma kullum, awa ɗari ke nan. Na ja layina, ya haɗu da na yadi a ashirin da ashirin. Na mata ashirin sun ci yadi tamanin da awa arba'in, na maza ashirin sun ci yadi arba'in da awa sittin. Arba'in cif, ko ƙyalle bai saura ba. Na juyo ina huci, ina jin yau dai na kama Malam Kusurwa da kuskure.

Ya gyara tabarau ya duba. "Lissafinki daidai ne, Auta. Awa goman nan a ina kika samo ta?"

"Haka Inna take yi tun kafin a haife ni."

"Take yi, ko takan yi a da?"

Sai a lokacin na lura shi da awa sittin ya yi aiki, shida a rana. Ya shiga ɗaki ya fito da wani tsohon littafinsa na makin ɗalibai, ya buɗe mini. Wata huɗu yana rubutu. Litinin, bayan awa shida, ta kira maƙwabciya ta sa mata zare a allura. Laraba, bayan awa shida da rabi, ta ɗinka aljihu a juye, ta farke. Asabar, ta ce ƙura ce ta shiga idonta, alhali taga a rufe. Shafi bayan shafi, da kwanan wata, da jan layi a ƙasa kamar zai kai wa sufeto.

Inna ta ajiye dutsen guga. "Malam, ashe leƙen asirina kake yi? Ni na ɗauka jarida kake karantawa a kujerar nan."

"Jaridar ma ina karantawa."

Na rasa da wa zan fara faɗa. Da Inna da ta ɓoye ciwon ido wata huɗu a gidan da 'yarta ke sayar da magani, ko da mutumin da ya gani tun ranar farko ya tsaya tattara hujja? Na ce, "Baba, don Allah, 'idon uwarki ya gaji' kalma nawa ce? Sai an zana a ƙofa?"

"Da na faɗa da baki, da ta ce ƙarya ne. Layi ba a musu da shi." Ya ɗauki allin ya nuna tsakanin layinsa da nawa. "Wannan giɓin awa arba'in ne. Ba ya rufuwa da idonta. Sai dai da hannun wani."

Ya kalle ni ta saman tabarau. Ni da na yi rantsuwa tun ina aji uku ba ni ba keken ɗinki.

Na ɗauki hutun da nake ta tarawa don in huta. Kullum Inna ta cika awa shida, Baba zai taso da agogo a hannu ya dafa keken, ta yi mita, ya yi kamar kurma, ni in hau. Da ya ga ina jinkiri a kayan maza, sai ya karɓi sa maɓallai. Dattijo mai shekara sittin da takwas, yana auna tsakanin maɓalli da maɓalli da rula, ina ce masa Baba lokaci, yana ce mini daidaito. Na sha kuka don haushi. Ranar ta goma da hantsi muka kai arba'in. Shugabar ta ƙirga, ta ja wani maɓalli ta ga ko zai cire, ta ce a dawo zango mai zuwa. Daga can asibitin ido muka wuce da Inna, ba ta ko yi gardama ba.

Bayan mako guda na jiƙa tsumma zan goge ƙofar, don allin ya fara zuba a kan yaduka. Inna ta riƙe mini hannu.

"Goge naki," ta ce. "Bar nasa."

"Inna, ai nasa ne ya ce talatin."

"Shekara arba'in ina cewa mutumin nan allo kawai yake gani." Ta matsa kusa da ƙofar da sabon tabaraunta, ta bi layin da yatsa har inda ya tsaya. "Bar mini shi."