Ranar da Ba a Kaɗa Taken Yayana Ba

Rijiyarmu a Makarfi ta gida biyu ce. Katanga ta ratsa tsakiyar bakinta, rabi namu, rabi na maƙwabta. Ba ma ganin juna, sai dai mu ji gugansu yana karo da namu.

Yayana ɗan dambe ne, ba shi da wata sana'a. Da an gama kaka sai ya ɗauki zaren da yake naɗe hannu da shi ya bi garuruwa, Ikara, Kudan, Kurmin Kogi. Ni ban taɓa zuwa fili ba, amma ina sanin lokacin da ya fito. Kowane ɗan dambe yana da takensa, ba ya shiga sai kalangu ya kira shi. Nasa har tsakar gidanmu yake isowa, Inna ta ajiye tankaɗe ta hau addu'a.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba, na dawo hutu daga sakandare na tarar yana fushi. Wai a Kudan makaɗinsa ya yi wa abokin karawarsa kirarin da ya fi nasa tsawo. Yana tsugune a bakin rijiya, ina zuba masa ruwa a hannu.

Na ce, "Yaya, ba kai ka kayar da shi ba? Me kuma ya rage?"

"Ke 'yar boko, me kika sani? Makaɗi ai kare ne, wanda ya jefa ƙashi shi yake bi. Haka aka haife su."

Inna ta ce, "Kai, rufe mini baki!"

Sai muka ji guga ya faɗa ruwa ta wancan gefen. Matar maƙwabcinmu ƙanwar makaɗin ce.

Ranar kasuwa bayan la'asar aka fara kiɗa. Na ji taken wannan, na ji na wancan. Da aka zo kansa sai shiru. Ban taɓa sanin shirun fili yana kaiwa gida ba sai ranar. Daga baya aka ce ya tsaya a tsakiya da hannu a naɗe, makaɗan suka rataye kalangu suna kallon ƙasa. Ihu ya rako shi har ƙofar gida, duwatsu suna sauka a kan kwanon zaure. Na shige bayan rumbu.

Na samu Baba na ce, "Baba, a makaranta an koya mana yanzu kowa yana da 'yancin faɗin ra'ayinsa. Kuma a cikin gida ya faɗa."

Ya ce, "Ya faɗa, wa ya hana shi? Makaɗan ma hannun nasu ne."

Sarkin dambe ya aiko cewa Yaya ya zo fili ya durƙusa wa makaɗan a gaban jama'a. Yaya ya ce, "Maganar da na yi da ƙanwata a gidan ubana? Ba na zuwa." Ya gwada Ikara, ya gwada Kudan, labarin ya riga shi. Babu kalangun da ya kira shi. Matan unguwa kuwa ni suka ɗora wa, wai 'yar boko ce ta koya masa raina mutane. Ƙawayena suka daina leƙo ni.

Kafin hutu ya ƙare ya hau motar mazarƙwaila mai zuwa kudu. Zaren ya bar shi rataye a ƙusa.

Ana gobe zan koma makaranta, ina ɗiban ruwa, matar nan ta yi magana ta bayan katanga, muryarta ƙasa-ƙasa.

"'Yar nan, ke ce? An ji labarin yayan naki?"

Wataƙila da zuciya ɗaya ta tambaya. Na jawo gugana a hankali don kada ya taɓa nata, na koma ɗaki.