Ranar da muka je awo ni da surukata

Shekarar da na yi ɓari na biyu, wayata ta zame mini abin tsoro. A zauren hira na waya na matan unguwarmu wata ta turo murya tana cewa akwai wata ƙwayar cuta, HPV, wadda ke zama a bakin mahaifa ba a sani ba, ta hana mace haihuwa, ƙarshe ta koma kansa. Na saurari muryar har na haddace ta. Duk ciwon mara da na ji sai in ce ga ta nan. Mijina dillali ne a kasuwar dabbobi ta Tawa, mutum mai raha, amma ban iya gaya masa ba.

Surukata tana zaune a Affala, takan shigo gari ranar kasuwa ta sauka wajenmu. Inna nake ce mata. Ran nan na kawo mata fura, na durƙusa zan tashi, ta riƙe bakin zanena.

"Ke ɗiyata, mi ke cin ki? Wuyanki ya yi tsawo kamar na zalɓe."

Na sunkuyar da kai. Irin wannan magana ba a yin ta da uwar miji. Amma ta ƙi sakina, sai na fashe da kuka na faɗa mata duka, har da sanarwar da na ji a rediyo cewa ana duba mata a asibitin unguwa, ni kuwa tsoro ya hana ni zuwa.

Ta shanye furarta tas, ta goge baki. "Ɗauko mayahinki. Tare za mu tahi, kuma ni za a fara dubawa."

Inna ba ta taɓa hawa kabu-kabu ba sai ranar. Ta zauna a karkace, ta damƙe rigar mai babur, tana yi masa faɗa tun daga ƙofar gida har asibiti, wai ita ba buhun albasa ba ce. Ina bayansu a wani babur, dariya ta kama ni.

Mata sun cika rumfar. Da layi ya zo kanmu Inna ta shiga da sallama. Ba ta daɗe ba ta fito tana gyara ɗaurin zane, ta dubi taron ta ce da ƙarfi:

"Ku kwantar da hankalinku, ƴan uwa. Binegar ne suka shafa mini, ruwan tsamin nan da ake zuba wa ganyen salati. Saura mai da tumatir!"

Rumfar ta ɗauki shewa. Ita dai an ce lafiyarta lau.

Nawa ya zo daban. Ungozomar, wata doguwar mace mai tabarau, ta haska fitila ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce ta ga ɗan farin tabo a bakin mahaifata. Na ce, "Malama, shi ke nan ba zan haihu ba?"

Ta jawo kujera ta zauna kusa da ni. Ta ce ƙwayar tana da yawa cikin mutane, maza da mata, kuma galibi jiki ke korar ta da kansa. Abin da ta gani ba kansa ba ne, wuri ne da zai iya lalacewa in an bar shi shekaru, kuma yau za ta magance shi. Ta ce ba shi ke tare hanyar ciki ba, maganar ɓarin kuwa likita zai duba ta daban. Ta ɗora wani ɗan ƙarfe mai ɗumi a wurin. Na ji murɗa kamar ta al'ada, kafin in gama salati ta ce an gama.

Sai ta ƙara da cewa in nisanci mijina na wasu makonni har wurin ya warke. Na rasa bakin da zan faɗa masa. Da na raɗa wa Inna a hanya, ta ce, "Wannan aikina ne."

Da yamma ta kira ɗanta. "Zan tahi da matarka Affala ta taya ni aikin kaka. Likita ta ce ta huta. In ka yi kewarta, ka san hanya, amma a zaure za ka zauna."

Ya sosa ƙeya ya ce, "To, Inna." Kafin mu tafi na samu zuciyar gaya masa komai, ya ce da na faɗa tun farko da shi zai kai ni.

Ban taɓa jin daɗin kaka irin ta waccan shekarar ba. Inna ta hana ni taɓa taɓarya. Aikina in zauna gindin rumbu ina kallon ana ɗaure damman hatsi, in tsinke yakuwa, in sha fura da nonon da Buzaye maƙwabta ke kawowa. Wata tsohuwarsu ta riƙa ba ni cuku, wai in yi ƙiba. Kowace Juma'a mijina ya zo a babur da burodi da tsire, a shimfiɗa masa tabarma a zaure, mu yi ta hira kamar lokacin zance, Inna tana gyaran murya daga tsakar gida. Na dawo Tawa kumatuna sun cika.

Da shekara ta zagayo na koma awo, ungozomar ta ce wurin ya warke sumul. Lokacin ban ma san ina ɗauke da ƙaramin ciki ba, sai daga baya amai ya tona. Wannan karon ya zauna. Likita ya riƙa duba ni kowane wata, ni kuma na yi ta addu'a.

Na haifi namiji da damina, ana yayyafi. Inna ta iso jiƙe sharkaf, da tunkiya a bayan motar kasuwa. Ta karɓi jaririn ta juya shi, ta leƙa fuskarsa ta ce, "Wannan angon nawa hancin ubanshi ya kwaso, amma na karɓa haka nan." Ta goya shi da zanenta, ta fita tsakar gida tana nuna wa maƙwabta.